Injin Garmahon Ammi Zubair

Wani ne a nan Madina. Kada ku tambaye ni sunansa, don har gobe yana nan yana yawo a Ƙuba da silifas wari da wari. A gida rake yake sayarwa a bakin tasha. Da Allah ya yi zai zo Saudiyya, bizar da dillali ya samo masa ta mai gyaran wuta ce. Kun dai san yadda abin yake. Wanda aka rubuta wa direba yana can yana kiwon tumaki, wanda aka rubuta wa tela yana wankin mota, kowa kuma ya san rubutu ne kawai. Ban da mutuminku. Shi tun ranar da ya ga an buga masa mai gyaran wuta a igama, wato katin izinin zama, sai ya yarda. Ya sayi sukundireba mai jan kai ya saƙale a aljihun gaba. Ko masallaci zai shiga, da ita yake shiga.

Aikinsa na gaskiya ban-ruwa ne a wani tsohon lambun dabino. Iyakar abin da ya haɗa shi da lantarki shi ne ya kunna famfo da safe ya kashe da yamma, shi ma wani lokacin sai ya manta rabi na biyun. Mai lambun, wanda shi ne kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, dattijo ne, ana ce masa Ammi Zubair. A nan aka haife shi, amma mahaifinsa Bahaushe ne da ya tako da ƙafa ta Sudan. Hausar Ammi tana nan, sai dai ba ta yin taku uku ba ta yi tuntuɓe da Larabci ba.

To, igamar mutuminku ta kusa ƙarewa, Ammi kuwa ya gaji da shi. Ana ta raɗe-raɗi a lambun cewa bana ba sabuntawa, tikitin komawa gida ne. Labari ya iso kunnen mutuminku. Ya riga ya shaida wa duk unguwarsu cewa shi injiniya ne a Madina, har gwaggonsa ta ajiye masa mataccen firji tana jiran ya dawo. Da wane ido zai koma ya ɗauki wuƙar rake?

Wata rana da hantsi Ammi ya leƙo daga ɗakin baƙi.

"Ta'al, ya muhandis. Zo, injiniya."

Mutuminku ya gyara zaman sukundireba ya shiga. A kan wani tebur mai dogon mayafi ya tarar da tsohon garmaho, akwatin katako da farantinsa da hannu mai allura. A gefe ga lasifika, ita da wayarta daban.

Ammi ya shafa akwatin ya ce, "Wannan na Abuya ne, mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Faifai ɗaya ya rage, na wani mai kukuma na can ƙasarku. Da shi muke karyawa muna yara. Lasifika lafiyarta lau, inji ne ya ƙi juyawa. Ɗan baffana Abdussamad zai zo ziyara daga Sudan, ran Alhamis yana gidan nan. Ya tsufa marra, tukuf. Ya ce abu biyu yake so kafin ya mutu, ya yi salla a Rauda, ya sake jin wannan faifan. Na ce masa zai ji. Za ka iya, ko in kai wa Saifuddeen?"

Saifuddeen wani Bahaushen Sudan ne mai shagon gyaran rediyo a wajen Uhudu. Mai hankali da sai ya ce a kai masa, har ya yi tayin ɗaukar kayan. Amma ai na gaya muku da wa muke.

"Haba Ammi! Ina cikin gida a kai wa Saifuddeen? Me aka rubuta a igamata?"

Ammi ya dube shi tun daga silifas har hula. "Ɗayyib. In ya yi waƙa ran Alhamis, na sabunta maka. In bai yi ba, huruj niha'i. Ka tafi ba dawowa, ka je ka gyara wa mutanenku."

"Ai ka ɗauka ya yi waƙa ya gama."

Ammi na fita ya kwance bayan akwatin. Wayoyi suka dube shi, ya dube su. Ja, shuɗiya, da wata da tsufa ya cinye launinta. Ya hura musu iska. Ya ɗan ƙwanƙwasa inji da gindin sukundireba. Ya yi masa magana mai daɗi. Daga ƙarshe ya mayar da murfi ya hau mota sai Uhudu.

"Saifuddeen, wani abokina ne garmahonsa ya ƙi juyawa."

"Ya zol, shiru yake yi ko yana ƙugi?"

"Yana ɗan ƙugi, mmmm, kamar an ɓata masa rai."

"Kwandansa ce. Wata 'yar gwangwani ce kusa da inji, ita ke ba shi turin farko. In ka ga ta kumbura, ta mutu. A sa sabuwa daidai girmanta. Wayoyi a mayar da su yadda aka same su. Kuma ka gaya wa abokin naka irin waɗannan na ƙaramar wuta ne, miya wa ashara, wato ɗari da goma. Kada ya kusanci babbar wuta da shi. Ko ma dai ya kawo mini in duba."

"A'a, mai kunya ne."

Duk wannan karatun, kafin ya iso Ƙuba abin da ya rage a kansa shi ne gwangwani. Ya buɗe akwati, ga ta kuwa, 'yar mitsitsiya, ta kumbura. Ya tsinke ta ya riƙe a tafin hannu yana girgiza kai.

"Ina dalili! Wannan 'yar abar za ta tura inji? Ai dole ta mutu. Babba za a sa."

Ya zagaya bayan gida. Nan ya ga bayan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗakin Hajiya Asama'u, matar Ammi, yana ta aikinsa bai yi wa kowa laifi ba. Ya kashe shi, ya kwance, ya zaro masa tasa kwandansar, ƙatuwa kamar gwangwanin tumatir na gidan biki. Ta ƙi shiga akwatin garmaho, sai ya ɗaure ta a waje da igiyar kaba tana reto. Da aka zo kan wayoyi ya manta wacce ke ina. Ya yi bismilla ya haɗa kowacce da wadda ta fi kusa da ita, ya murɗe da haƙori.

Ya sa filogi. Faranti ya motsa.

"Ammi! Ammi! Zo ka ga aikin masu takarda!"

Ammi ya shigo da sauri har yana tuntuɓe da dardumar ƙofa. Hajiya ta biyo shi tana fifita da mafici. Dattijo ya ɗauko faifai daga jakarsa kamar mai ɗaukar jariri, ya ɗora, ya sauke allura. Abin da ya fito daga lasifika ba Hausa ba ne, ba Larabci ba. Kamar mutum ne ke zuƙe maganarsa yana mayar da ita ciki.

Hajiya ta ja da baya. "A'uzu billahi! Na sha gaya maka akwatin nan akwai mutanen ɓoye a ciki!"

Ammi ya ɗage allura ya ƙura wa faranti ido. "Ya walad, baya yake yi."

"Ba baya ba ne, Ammi. Hagu ne."

"Tun ina yaro dama yake juyawa."

"Lokacin bai waye ba ke nan. Shekara nawa yana zaune a ƙasa mai tsarki? Ya shiryu, Ammi. Ɗawafi yake yi."

"Nan Madina ce. Ba a ɗawafi a nan."

"Bita yake yi kafin ya sauka Makka."

Ammi ya zare filogi. Ya mayar da faifansa cikin jaka, ya ce, "Alhamis," ya fita.

Hajiya ta tsaya a ƙofa tana sharce gumi. "Kai kuma tunda ka iya wuta, mukayyif ɗina tun azahar ya ƙi sanyi. Ɗaki ya zama tanderu."

"Zafi ne ya yi masa yawa, Hajiya. Bari in gama da wannan in zo."

Kashegari ya sauya wayoyi. Faranti ya koma dama, alhamdu lillahi, sai dai tafiyar ta masu ciwon ƙafa ce. Ya lallaɓa ya ɗauko faifai ya gwada. Mai kukuma ya buɗe baki kamar bijimi a mayanka, kalma ɗaya sai ya yi ta janta har mutum ya sha ruwa ya dawo.

Mutuminku ya riƙe haɓa. "Yunwa ce."

Gidan Ammi irin tsofaffin gidajen nan ne masu wuta iri biyu a bango, ƙarama da babba, ramukan kuma kamarsu ɗaya. Don kada a yi ɓarna, Hajiya ta ɗiga wa na babbar wuta jan farce. Kowa a gidan ya san jan farce na nufin a yi hankali. Shi kuwa ya ga alama ce ta inda albarka take.

"Wa ke aiki da ƙaramar wuta a wannan zamanin? Ci ka ƙoshi, bawan Allah."

Allah ya taimake shi ya cire faifai kafin ya sa. Inji ya yi wani gurnani na jin daɗi, faranti ya zabura, mutuminku ya fara tafi. Bai kai ga tafi na uku ba sai ƙauri ya tashi. Hayaƙi ya biyo baya, shuɗi, mai kauri. Sai ɗas! Wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, har famfon lambu ya yi shiru.

Daga cikin dabinai Ammi ya ɗaga murya. "Wa ke babbakar kan rago a gidana?"

"Turare ne, Ammi! Tsohon inji sai an yi masa hayaƙi!"

Ya ciro injin, baƙi ƙirin, da zafinsa, ya naɗe a hula ya koma Uhudu.

"Saifuddeen, abokin nan nawa ne ya ce a duba masa."

Saifuddeen ya kai injin hanci, ya ajiye a hankali. "Inna lillahi. Ka yi wa abokinka ta'aziyya."

"Ba ya farfaɗowa?"

"Ya zol, wannan ko wanka ba ya buƙata, a binne kawai. Irinsa kuma ko a Jidda sai an sha yawo kafin a samu. Babbar wuta ya ba shi, ko?"

"Shi ma ya ce bai san yadda aka yi ba."

A hanyar dawowa ya yi ta tunani, tunanin da ya fi rashinsa haɗari. Inji ai inji ne. Duk abin da ke juyawa ɗan'uwan abin da ke juyawa ne. Ranar Laraba, Hajiya na barcin rana, ya shiga kicin ya kwance injin markaɗenta, ya mayar da fankon ya rufe kamar ba a taɓa ba. Ya cusa injin a cikin garmaho, ya ɗaure da robar taya, ya ɗora faifai, ya sa filogi.

Wallahi kafin ya ƙifta ido mai kukuma ya gama waƙar duka, har da amshi. Faifai ya tashi sama, ya fita ta taga, kaji suka watse. Mutuminku ya bi shi da gudu yana salati. Ya same shi ya nutse a kwandon lubiyar dabino, ko tsagewa bai yi ba. Ya goge shi da gaban rigarsa, inda ya ƙi gogewa ya lashe.

Daga kicin aka ji muryar Hajiya. "Wa ya taɓa mini injin markaɗe? Na danna, ko tari bai yi ba!"

"Ciwon mukayyif ne ya kama shi, Hajiya! Yana yawo a gari!"

Ya koma ɗakin baƙi ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Gobe Alhamis. Ya hango kansa a bakin tasha da wuƙar rake, gwaggo na tafe da firji a baro. Tausayin kansa ya kama shi sosai, har ƙwalla ta zo. Cikin wannan hali ya miƙa yatsa ya ɗan juya farantin, haka kawai, allura na kan faifai, lasifika na kunne.

Sai ga kukuma ta fito tas. Murya ta biyo ta, garau, mai daɗi.

Ya tsaya, waƙa ta tsaya. Ya juya, ta ci gaba. Ya dubi yatsansa, ya dubi dogon mayafin tebur da ke jan ƙasa. Bakinsa ya tafi har kunne.

Kafin magariba ya huda teburin Ammi, ya huda gindin akwati, ya zura ƙarfen labule ya kama ƙasan faranti. Saura abin murɗawa. Ya sake ziyartar kicin, ya dawo da hannun injin taliyar Hajiya.

Ran Alhamis ya tari Ammi da fara'a. "Ya gyaru. Amma na sa masa sabon tsari. In kana so ya tashi, ka sa filogi ka ƙwanƙwasa tebur. In kana so ya tsaya, ka sake ƙwanƙwasawa. Mayafin nan kuma kada a ɗaga, iska na ɓata shi."

"Kai kuma ina za ka?"

"Wajen mita. Sai na riƙe wutar da hannu, kada ta yi rawa."

Ana idar da la'asar ya riga kowa dawowa, ya shige ƙarƙashin tebur ya ja mayafi. Baƙi suka fara shigowa, tsofaffin maƙwabta da abokan Ammi. Aka shigo da Abdussamad ana riƙe da hannunsa, dogon tsoho da farin rawani, ido ya yi rauni, kunne ma sai an ɗaga murya. Aka zuba gahawa, aka miƙa dabino. Ammi ya sa filogin lasifika, ya sa na garmaho, ya ɗora allura, ya ƙwanƙwasa tebur yana addu'a a ciki.

Faranti ya juya. Kukuma ta cika ɗaki.

Abdussamad ya ajiye finjalinsa. Hawaye suka gangaro masa cikin gemu. "Zubair, shi ne. Wallahi shi ne. Ga Baffa can zaune a bakin ƙofa yana gyara carbi." Ammi ma ya juya fuska yana goge ido da gefen mayafin kansa. Waƙa ta kai ƙarshe.

"A sake," in ji Abdussamad.

Aka sake.

"A sake."

A zagaye na huɗu hannun mutuminku ya fara mutuwa. Muryar mai kukuma ta yi ƙasa, ta yi kauri, tana jan ƙafa.

Abdussamad ya girgiza kai. "Allah sarki. Shi ma ya tsufa."

Ashe zaƙin dabinon da ya goge a rigarsa ya kira cinnaku. Ɗaya ya samu hanya ta ƙafar wando ya kai inda ba a faɗa. Faranti ya zabura, mai kukuma ya koma muryar 'yan mata.

"Ka ji, ya tuna ƙuruciya!" Tsoho ya buga cinya yana dariya da hawaye.

Sai Ammi ya sa aka kawo kaskon turare, aka zagaya da shi, aka ajiye a ƙasa daf da mayafin tebur. Hayaƙi ya sulale ciki. Mutuminku ya toshe hanci da hannu ɗaya, yana murɗi da ɗayan. Ya daure, ya daure. Ina!

"Atishaa!"

"Yarhamukallah," in ji Abdussamad, yana duban garmaho.

"Yahdikumullah," in ji ƙarƙashin tebur.

Baƙi suka dubi juna. Abdussamad ya ɗaga yatsa. "Kun ji mutanen da? Ladabi har a cikin faifai. A sake, Zubair, wannan karon zan ɗauka a waya in kai wa yara."

Ya zaro wayarsa, ta ce ba caji. Ya lalubi bango kusa da shi, ya zare filogin da hannunsa ya fara samu, ya soka cajarsa. Waƙa ta ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Ammi ne ya fara lura. Ya ga filogi kwance a kan darduma. Ya bi wayar da ido, ta hau ƙafar tebur, ta shige bayan garmaho. Ya dubi faranti, yana ta juyi abinsa. Wani maƙwabci ya fara matsawa wajen ƙofa yana karanta Ayatul Kursiyyu. Ammi ya miƙe a hankali, ya kama gefen mayafi, ya yaye.

Ga mutuminku a durƙushe, jiƙe sharkaf, ido ja wur, sukundireba a aljihu, hannu na ta murɗi.

Daidai nan Hajiya ta iso bakin ƙofa da tiren shayi. Ta leƙo. "Hannun injin taliyata!"

Mutuminku ya hango filogi a ƙasa, ya ɓata rai. "Wa ya cire wuta? Shi ya sa tun ɗazu nake jin nauyi!"

"Fito!" Ammi ya daka tsawa. "Fito, ya muhandis na ƙarya!"

"La, la, Zubair!" Abdussamad ya riƙe masa riga, wayarsa a sama tana ɗauka. "Ko wane ne, bar shi ya kai ƙarshen baitin nan. Nan ne wurin da Baffa ya fi so."

Ammi ya durƙusa har gwiwarsa na ƙara, ya kawo fuska daf da ta mutuminku, ya yi ƙasa da murya don kada ta shiga wayar ɗan'uwansa.

"Ina injin Abuya? Ina injin da ka ce ka gyara?"

Mutuminku bai fasa murɗi ba.

"Ga shi kana kallo, Ammi, lafiyarsa ƙalau. Igamarsa ce kawai ta kusa ƙarewa, in ba a sabunta ba tsayawa zai yi."